Godiya ga masu tsaron kofar manhajojin da muke mora a kyauta

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya hakuri da jama'a. Dan Allah ina rokon dan fili a jaridar nan tamu mai farin jini. Yau ba kukan hanya na kawo ba kuma ba na wuta ba, godiya ce na kawo, kuma ga wasu mutane da ba su san ni ba, ba sa jin Hausa, watakila ma har abada takardar nan ba za ta kai gare su ba. Amma dai gara a fada, ai an ce yaba kyauta tukuici.

Ni sana'ata gyaran kwamfuta, ina da dan shago a Zariya, kuma yawancin masu zuwa wurina dalibai ne da laftof dinsu ta hannu wadda ta sha jiki, kana kunna ta sai ka je ka sha shayi ka dawo ba ta gama tashi ba. Irin wadannan in mai ita ya yarda sai in zuba mata Debian, wata babbar manhaja ta kyauta mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, sai ka ga tsohuwa ta mike tana gudu kamar budurwa, kuma ko sisi ba wanda ya biya na lasisi. To kwanakin baya muna zaune da yaron shagona sai ga sanarwar afdet ta fito a kwamfutar da muke aiki da ita, yaron nan ya yi tsaki ya ce, "Oga wai mutanen nan ba su da aikin yi ne? Kullum afdet afdet, in ka gama kuma ka duba ba abin da ya canza, data kawai suke sha mana." Na yi dariya a lokacin, amma wallahi maganar ta tsaya mun a rai har na koma gida, don abin da yake korafi a kai, wato ya duba bai ga komai ya canza ba, shi ne fa aikin gaba daya. Wani ya hana idonsa barci ne don kai ka tashi da safe ka ga komai na nan yadda ka bar shi.

Ga wanda bai saba da harkar ba, akwai manhajoji da ake kira budaddu, ma'ana rubutun da aka hada su da shi a fili yake, kowa na iya karantawa ya gyara ya raba wa wasu ba a ce ya yi sata ba. Linux, ginshikin da Debian ke kansa kuma yake karkashin duk wata wayar Android, irinsu ne, haka VLC da muke kallon bidiyo da shi, haka Python, yaren hada manhaja da yaranmu ke rububin koyo yanzu. Kusan aikin gayya ne, sai dai masu gayyar wani na Jamus wani na Indiya wani na Barazil, da yawansu ba su taba hada ido ba.

Toh amma ba duka 'yan gayyar nake magana a kansu ba. Wanda ya kirkiro abu sunansa na fita, ana gayyatarsa taro, ana tafa masa. Wanda ya kara wani sabon abu mai kyalli shi ma yana da abin nunawa in zai nemi aiki. Ni wadanda nake nufi su ne wadanda suka rage bayan an tashi daga biki, lokacin da manhaja ta manyanta ta kai shekara 20 ko 30, ba sauran wani abin burgewa a cikinta sai dawainiya, su ne ke daukar nauyin cewa ranar kaza za a fitar da sabon zubi, wato sabuwar sigar manhajar da jama'a za su sauke, kuma su tsaya sai ya fita lafiya. Duk wanda ya taba zama unguwar da aka haka wa burtsatse ya san abin da nake fada. Ranar budewa har da makada da masu daukar hoto, kowa na son a ga fuskarsa kusa da famfo. Bayan shekara uku in ya lalace, sai ka ga dattijo daya ne ke bi gida gida yana karbar dari biyu dari biyu, shi zai nemo mai gyara, shi zai tsaya a rana, kuma shi za a zaga in ruwa bai zo ba ranar Juma'a. A unguwarmu akwai irin wannan bawan Allah, ban taba jin an yi masa godiya a bainar jama'a ba, sai dai a ce ai kudin da ya karba bai yi bayani ba.

Aikin mai fitar da zubi kusan haka yake. Shi zai sa rana. Shi zai bi gyare-gyaren da mutane suka turo ya ce wannan ya shiga wannan ya jira, kuma ka san ba abin da ke jawo wa mutum bakin jini kamar ya ce wa wanda ya yi wata uku yana aiki a kyauta "naka ba zai shiga wannan karon ba". Shi zai tabbatar an gwada a kan injina iri iri har da tsofaffin da shi kansa ba ya amfani da su, ya rubuta bayanin abin da aka canza, ya hada kunshin, ya buga masa hatiminsa na sirri don duk wanda ya sauke ya san ba jabu ba ne. In an samu baraka ta tsaro kuma ba ruwan barakar da cewa yau ranar hutu ce ko matarsa na asibiti. A gidauniyar Apache ma, mai kula da budaddun manhajoji da yawa, ka'idarsu ita ce ba a sakin zubi sai an kada kuri'a, a bar ta a bude akalla awa 72 a yanayin da ba na gaggawa ba, kuma sai mutum uku daga cikin masu alhakin aikin sun duba sun amince. Wato akwai wasu mutum uku da za su ajiye harkokinsu su sauke kunshi su gwada, kawai don su ce eh ya yi.

Dauki Debian din da nake ci da ita. Ian Murdock ne ya fara ta a 1993, shi ya rasu tun 2015 amma aikin bai tsaya ba. Kusan duk shekara biyu suke fitar da babban zubi, kuma kafin ya fita akwai wani lokaci da suke kulle kofa a hankali a hankali, a daina karbar sabbin kaya sai gyaran kurakurai masu hatsari kawai. Na 12 da suka sa wa suna bookworm an fara kulle masa kofa a Janairun 2023 amma bai fito ba sai 10 ga Yuni, kuma kunshin manhajojin da ke cikinsa sun haura 60,000. Malam Edita ka yi tunani, kaya dubu sittin da doriya, kowanne da mai shi da ra'ayinsa da zuciyarsa, sannan 'yan mutane kalilan ne za su tsaya a bakin kofa wata biyar suna cewa dakata. Na 13 kuma, trixie, ya fito 9 ga Agustan 2025. Su dai tsarinsu shi ne ba a tsinko ta sai ta nuna. Kuma Ubuntu, wata sananniyar Linux, a kan Debian aka gina ta, haka Kali din nan da samarinmu ke sakawa suna daukar hoton bakin allo suna cewa sun zama hakas, ita ma 'yar gidan ce, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ni ma fa ba zan wanke kaina ba. Shekarun baya ina cikin masu cewa Debian ta cika nawa, komai nata tsoho ne, mutanen nan kamar masu tsoron inuwarsu. Abin da ya rufe mun baki shi ne abin da ya faru a watan azumin 2024.

Akwai wata 'yar manhaja sunanta xz, aikinta matse fayil ya kankance, ba wanda ke tunawa da ita amma kusan duk wata Linux na dauke da ita. Wani mutumin Finland, Lasse Collin, shi ya rike ta shekara da shekaru kusan shi kadai, ba albashi. A 2022 sai wasu suka taso shi gaba da korafi, aiki ba ya sauri, ka ki sakin sabon zubi, in ba za ka iya ba ka ba wani. Ya ba su amsa cewa rashin lafiya ta rage masa karfi, kuma su tuna wannan abu sha'awa ce yake yi ba biyansa ake ba. Ba su saurara masa ba. A daidai lokacin kuma akwai wani mai kiran kansa Jia Tan da ya bayyana tun 2021, mai ladabi mai kokari, yana ta turo gyara masu kyau, yana dauke masa nauyi. Kai in kai ne fa? Ka gaji, ana zaginka, ga wani ya zo yana taimako ba ya neman komai. Sannu a hankali aka ba shi amana har ya kai shi ke hada kunshin da ake saki. Ai sai bango ya tsage kadangare ke samun wurin shiga. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadanda suka fita a Fabrairu da Maris na 2024, sai ya dasa barauniyar hanya wadda za ta ba mai wani makulli na musamman damar shiga manyan kwamfutocin mutane daga nesa ba sallama. Kuma abin da ya fi daure mun kai, wani bangare na dabarar ba ya cikin rubutun da kowa ke dubawa a fili, a cikin kunshin da aka nade aka saki ya boye shi, wato daidai wurin da kowa ya dauka ai aikin dan aike ne, ba sai an sa ido ba. Masu binciken lamarin da yawa na ganin wadancan masu matsa wa Collin lamba ma duk shiri ne, baki daya suke da mai dasa abin.

Allah ya sa wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, wanda ke aiki da Microsoft kuma yana cikin masu gina manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, yana gwaje-gwajensa a kan Debian ta gwaji, wato wadda ba a gama tantancewa ba, sai ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa na cin karfin inji fiye da kima kuma yana kara jinkirin kusan rabin dakika. Rabin dakika fa Malam Edita! Mu nan da netwok zai rike mu minti biyar mu ce alhamdulillahi yau da sauki. Shi bai kyale ba, ya bi diddigi har ya tono abin ya sanar ranar Juma'a 29 ga Maris. Da na ji labari na bi kwamfutocin shago da na kwastomomin da ke hannuna ina dubawa gabana na faduwa, sai na tarar duk tsohon zubi ne a kansu, gubar ba ta taba isowa Debian tabbatacciya ba, ta tsaya a ta gwaji. Wannan nawar da nake zagi, wannan dakata dakata din na masu tsaron kofa, ita ta tsare ni da dalibai na. Tun ranar na daina cewa sun cika tsoro.

Kuma ni a ganina ba a yi wa Lasse Collin adalci ba in aka tsaya a cewa ya yi sakaci. Kamfanoni masu biliyoyin daloli sun dora kayansu a kan aikin mutum daya shekara da shekaru ba wanda ya taba tambayarsa ya jiki, sai macuci ne kadai ya lura cewa mutumin nan ya gaji.

Wani misalin da ke ba ni dariya da tausayi lokaci guda shi ne na agogo. Wayarka da ke sanin karfe nawa a Makka karfe nawa a Landan, ba hikimarta ba ce, akwai wani kundin lokutan duniya da aka fara tun shekarun 1980, Arthur David Olson ya assasa shi, yanzu kuma Paul Eggert, malami a jami'ar UCLA ta Amurka, shi ke jagorantar kula da shi. Mu a Najeriya da Nijar ba mu ba su wahala, agogonmu daya ne ba ya motsi rani da damina, a kundin ma sunan Legas aka sa mana. Amma Sudan ta ja agogonta baya da awa daya a Nuwamban 2017, Maroko kuma ta yi shekaru duk azumi sai ta canza, dole wani ya bi ya rubuta ya saki sabon zubi kafin ranar ta zo. A Maris na 2023 gwamnatin Labanan ta tashi kwana biyu kacal kafin a tura agogo gaba ta ce an daga sai karshen azumi, mutanen nan suka yi maza suka fitar da gyara, kasar ta rabu biyu wasu na bin sabon lokaci wasu na tsoho, bayan 'yan kwanaki gwamnati ta janye maganarta, suka sake fitar da wani gyaran na warware na farko. In ka hada da wanda ya riga su fita, zubi uku kenan cikin mako daya, 2023a da 2023b da 2023c. 'Yan siyasa sun yi ta rigimarsu a talabijin, shi kuwa mai gyaran kundi ko sunansa ba a ambata ba, alhali da ya yi barci da jirage da asibitoci da bankuna sun ji a jikinsu.

Sai Python. Zubi na 2.7 ya fito a Yulin 2010, kuma mutum daya, Benjamin Peterson, shi ya rike ragamar fitar da gyare-gyarensa har zuwa na karshe, 2.7.18, a Afrilun 2020. Shekara goma kenan yana kiwon abin da kowa ya san an yanke masa ranar mutuwa, duk masu zafin jini sun koma Python 3 inda ake abubuwan yayi, shi yana nan da tsohuwa saboda bankuna da jami'o'i da kamfanoni ba su gama kaura ba. Wannan ko a cikin dangi ka san irinsa, kowa ya tafi birni, mutum daya ya zauna da tsohuwa a kauye yana kai ta asibiti. Yanzu tsarinsu duk Oktoba ake fitar da sabon zubi, kowanne a kula da shi shekara biyar, kuma mai fitarwa daya kan dauki biyu a jere, kamar yadda Pablo Galindo Salgado ya dauki 3.10 da 3.11, Thomas Wouters ya dauki 3.12 da 3.13. Ka lissafa da kanka shekara nawa mutum ya daure kansa da cewa eh guda daya.

Kar wani ya ce na mayar da su waliyyai. A'a, mutane ne, suna fada a junansu, wani lokacin su yi taurin kai a kan abin da bai kai ya kawo ba, wasunsu kuma suna da aikin albashi a kamfanonin da ke ba su dan lokaci su yi wannan din, kamar Greg Kroah-Hartman mai fitar da tabbatattun zubin Linux, shi gidauniyar Linux ke daukar nauyinsa kuma hakan shi ne daidai. Matsalar ita ce irinsa ba su da yawa. Lokacin da barakar Heartbleed ta fashe a 2014 ne duniya ta farga cewa OpenSSL, manhajar da barakar ke cikinta, wadda ke tsare sirrin shafukan intanet bila adadin, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce wajen dala 2,000 ba. A Disambar 2021 kuma da barakar Log4j, wata manhajar Apache, ta tashi, 'yan sa kai ne suka yi ta sakin gyara a kan gyara har hudu kafin watan ya kare, ana ta yi musu ihu kamar wadanda suka ci kudin wani. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to su wadannan ba su ci ladan kowa ba kuma askin suke yi, mu da ba mu biya ba mu ne masu daga murya.

Toh me nake so a yi? Ba wani abu mai girma ba. Na san ba kowa ke da katin da zai tura dala ba, ni ma ba ni da shi. Amma matasanmu masu koyon hada manhaja a Kano da Kaduna da Zariya da Damagaram, ku sani kafin a saki babban zubi ana fitar da na gwaji ana rokon mutane su gwada, kuma irin tsofaffin injinan da ke hannunmu da irin netwok dinmu mai yankewa su ne ainihin abin da mutanen can ba su da shi a dakunansu. Ka sauke ka gwada, in ka ga matsala ka rubuta musu da ladabi, ka ce ga injin da nake da shi, ga abin da na danna, ga abin da ya faru. Kar ka rubuta "ba ya aiki ku gyara" ka tafi, wannan ba rahoto ba ne, jifa ne. In ya yi aiki ma ka fada, don su mutanen nan galibi ba sa jin muryar kowa sai ranar da abu ya baci. Masu Hausa mai kyau kuma akwai aikin fassara da ke jiran ku a manhajoji da dama, wanda shi ma sai an shigar kafin a kulle kofa. Malaman jami'a da na kwalejojin fasaha su ma dan Allah in kuna koyar da Python ku rika gaya wa dalibai cewa ba daga sama ta fado ba, akwai masu suna da ke rike da ita.

Shi kuwa yaron shagona, washegari na zaunar da shi na bude masa bayanin afdet din da ya yi wa tsaki, muka bi layi layi ina fassara masa. Yawanci toshe kofofin tsaro ne, kowanne da sunan wanda ya gyara da ranar da ya tura. Ya yi shiru can sai ya ce, "Oga to su wa ke biyansu?" Na ce da yawansu ba kowa. Ya ce, "Kai, amma suna da hakuri." Yanzu na ba shi wata tsohuwar laftof da mai ita ya yi watsi da ita, mun sa mata Debian ta gwaji, aikinsa duk Asabar ya sabunta ta ya rubuta abin da ya lalace a littafi, Turancin rahoton kuma ni zan taya shi. Datar dai har yanzu daga aljihuna take fita kuma har yanzu yana mita.

Malam Edita in za a buga dan Allah a duba sunayen mutanen nan kar a bata rubutunsu, na yi ta dubawa kafin in turo. Na gode, Allah ya kara wa jarida daukaka, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari, Zariya.